Daga mai karanta mita zuwa mita mai kai rahoto

Tun da aka kammala madatsar ruwan Lagdo a kan kogin Binuwai a arewacin Kamaru a 1982, megawat 72 ɗinta ne ginshiƙin wutar Garwa da Marwa da Ngawundare, har zuwa ƙananan garuruwa irin Mayo-Oulo a sashen Mayo-Louti. Sunan mai sayar da wutar ya yi ta canzawa: SONEL tun 1974, AES-SONEL bayan an sayar wa Amurkawa a 2001, sannan Eneo daga 2014. Amma a mafi yawan wannan zamani abin da kamfani ya sani game da gida bai wuce lamba ɗaya a wata ba. Mai karanta mita zai yi sallama a ƙofa, ya share ƙurar gilashi da babban yatsa, ya rubuta a littafinsa ya wuce. Ana musu da shi, ana roƙonsa ya ƙara kwana biyu kafin a yanke. Sauyin da ya biyo baya ya ɗauke wannan iko daga ƙofar gida ya kai shi ofis mai nisa, kuma can ne hatsarin yake.

Mita mai kati ce ta fara. Mutum ya biya ta Orange Money ko MTN MoMo, lambobi 20 su shigo wayarsa, ya danna su, wuta ta dawo. Rigimar takardar kuɗin da aka yi wa ƙiyasi ta ragu, wannan ba ƙaramin alheri ba ne. Sai dai hasken ɗaki ya koma rataye a wuyan kwamfutar da mai gida bai taɓa gani ba. A Yulin 2019 masu kutse sun kulle kwamfutocin kamfanin wuta na City Power a Johannesburg, mutane da kuɗinsu a hannu suka kasa sayen wuta. Ko babu ɓarawo ma tsarin na da rauninsa: ma'aunin lokacin da ke cikin lambobin sayen wuta na irin waɗannan mitoci ya fara ƙirga mintuna daga 1993, ya cika ranar 24 ga Nuwamba 2024, dole aka bi su ɗaya bayan ɗaya da lambobin sabuntawa a ƙasashen Afirka da dama. Mita mai haɗe da intanet ta zarce nan, don tana aika rahoto sau da yawa a yini, kuma ana iya yanke ta daga nesa. Wanda ya duba rahoton zai gane lokacin tashi sahur, da makon da gida ya zama kango saboda tafiya, da yawan awannin da injin niƙa ke aiki, wato cinikin mai shi ke nan. Saboda irin wannan tonon asiri majalisar dattawan Holan ta ƙi tilasta wa jama'a ita a 2009.

Za a ce wannan damuwar masu ƙoshi ce. Mutumin Mayo-Oulo ɗauke wuta ne ya dame shi, musamman idan ruwan Lagdo ya ja baya da rani, abin da ya sa aka kafa tashar hasken rana mai megawat 15 a Gider. Gaskiya ne, kuma harin kutse irin wanda aka kai wa layin wutar Yukren a Disambar 2015, wanda ya jefa sama da mutum 200,000 cikin duhu, ba shi ne abin tsoro na kusa ba. Amma mita takan shekara goma ko fiye a jikin bango, sharuɗɗan da aka girka ta da su kuwa su za su yi ta aiki. Kamaru tana da dokar tsaron intanet tun 2010, ta kare bayanan mutum kuma sai Disambar 2024 ta samu. Aikin da ya rage na ARSEL ne, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki: ta fayyace wa zai ga rahoton gida, tsawon wane lokaci za a ajiye shi, da yadda mutum zai sayi wuta ranar da layin waya ya ɗauke.