Brown Bess

Brown Bess bindigar toka ce ta sojojin Birtaniya, wadda ake ɗura wa albarushi da harsashi ta baki, ƙanƙara kuma ta ƙyasta wutar. An yi aiki da ita daga 1722 har wajejen 1838, da ita aka gwabza a yaƙin Waterloo a 1815.

Masu tara kayan tarihi sukan gane ta da tsawon bututu: samfurin farko inci 46, na biyu 42, na Indiya 39. A jikin farantin ƙarfen da kunamar take, akan ga hoton kambin sarauta da haruffan GR, sau da yawa da kalmar TOWER. Sai dai hatimi kaɗai ba hujja ba ne, don kwaikwayo ya yi yawa a kasuwa.

Faɗin bakinta inci 0.75 ne, amma dunƙulen darmar da ake jefa mata 0.69, domin ya shige ko da toka ta taru a ciki. Saurin ɗuri ya samu, saiti kuwa sai a hankali. Baƙin albarushi kaɗai take ɗauka. Na zamani marar hayaƙi yana iya tarwatsa bututun a hannun mai harbi.