Ƙaramar Jam'iyya da Kujerar Majalisar Wakilai: Takarar Malam Aminu Kano da Labarin Sawaba Biyu

Garin Illela yana bakin iyakar arewa ta Jihar Sakkwato, tsakaninsa da Birnin Ƙonni tafiya ce 'yar kaɗan. Yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 da 1904 da 1906 su ne suka raba ƙasar nan biyu, Ƙonni ta faɗa hannun Faransawa, Illela kuwa ta zauna ƙarƙashin Ingilishi, cikin gundumar Gwadabawa ta Lardin Sakkwato. Harshe ɗaya ne, kasuwa ɗaya, auratayya ɗaya. Saboda haka a cikin shekarun neman mulkin kai mutumin Illela ya ji kalma guda tana tashi daga kudu da arewa baki ɗaya, watau sawaba. A Nijeriya jam'iyyar NEPU ce ake kira Jam'iyyar Neman Sawaba. A Nijar kuwa Sawaba sunan jam'iyyar Djibo Bakary ne. Dukansu biyu sun nemi kujerun majalisa a gaban waɗanda suka fi su ƙarfi, kuma abin da ya same su yana da darasi ga duk mai son sanin ko ƙaramar jam'iyya tana da amfani.

An kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta, 1950. A wannan shekara ce Malam Aminu Kano ya ajiye aikin koyarwa a Kwalejin Horon Malamai ta Maru, cikin Lardin Sakkwato, ya koma siyasa gaba ɗaya, a 1953 kuma ya zama shugaban jam'iyyar. Sawabar da suke nufi ba abu ne mai wuyar ganewa ga manomi ba. Suna nufin a daina aikin tilas, a daina zaluntar talaka wajen karɓar haraji da jangali, a raba alƙali da fada, a bar mutum ya faɗi ra'ayinsa ba tare da ɗan doka ya kwana a ƙofar gidansa ba. Abokiyar hamayyarsu ita ce NPC, wadda sarakuna da ma'aikatan En'e suka rungume ta, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello yana jagorantarta. A sauran ƙasa kuma ga NCNC ta Azikiwe da AG ta Awolowo, kowace da jiharta da baitulmalinta. NEPU kaɗai ce ba ta da gwamnati ko ɗaya a hannu.

Shingen farko da ta ci karo da shi shi ne tsarin zaɓen kansa. A 1951 zaɓen Arewa mai hawa-hawa ne: unguwa ta zaɓi wakilai, wakilan su zaɓi na gunduma, su kuma su zaɓi na lardi. A hawa na ƙarshe doka ta ba En'e izinin cusa mutanenta, kashi goma cikin ɗari. NEPU ta yi rinjaye a hawan farko cikin birnin Kano, amma da aka kai ƙarshe ba ta fita da kujera ba. A 1954 Malam Aminu ya nemi kujerar Majalisar Wakilai ta Ikko, Maitama Sule na NPC ya kayar da shi, alhali kuwa Maitama saurayi ne ɗan shekara 25 wanda da can ya yi tarayya da masu kafa NEPU. A 1956 ya nemi kujerar Majalisar Dokoki ta Kaduna, Ahmadu Ɗantata ya kayar da shi. Wani da tun a nan ya karaya.

Shinge na biyu ya fi na farko tsanani, kuma a wurare irin Illela ne aka fi jin nauyinsa. Ba a yin lacca sai da takardar izini, mai ba da izinin kuwa En'e ce. Ɗan doka nata ne, kotun alƙali tata ce, gidan yari nata ne. Dagacin da ke rubuta haraji shi ne ya san gonar kowa da garken kowa. Idan mutum ya yanki katin NEPU, to, yana iya wayar gari an ɗora masa harajin da ba ya iya biya, ko a kai shi gaban alƙali bisa zargin zagin sarki. Lardin Sakkwato kuwa gidan Sardauna ne, kuma girman Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya wuce na sarauta kawai, ya haɗa da addini da tarihin jihadi. Shi ya sa ƙarfin NEPU a lardin ya fi taruwa a garuruwan jirgin ƙasa kamar Gusau da Ƙaura Namoda, inda fatake da teloli da masu sana'a suke cin abincinsu ba ta hannun hakimi ba.

Ran 12 ga Disamba, 1959, aka yi zaɓen da ya share fagen mulkin kai. Wannan karo an kawar da hawa-hawa, kowane magidanci ya shiga ɗaki shi kaɗai ya jefa takardarsa cikin akwatin da ke ɗauke da alamar jam'iyyar da yake so, fartanya ta NPC ko tauraron NEPU. Matan Arewa dai ba a ba su ƙuri'a ba, ko da yake NEPU ta daɗe tana nema musu, Hajiya Gambo Sawaba kuma ta sha ɗauri a kan irin wannan fafutika. Kujerun majalisa 312 ne, 174 daga cikinsu na Arewa. Malam Aminu ya ci kujerar Kano ta Gabas, bayan shekaru yana nema.

Amma lissafin ƙasa baki ɗaya shi ne abin dubawa. NEPU ta sami ƙuri'a sama da rabin miliyan, kujerunta 8. NPC ta sami kusan miliyan biyu, kujerunta 134. Watau ƙuri'un NPC ba su kai ninki huɗu na NEPU ba, amma kujerunta sun fi ninki goma sha shida. Dalili kuwa shi ne tsarin da aka gada daga Ingila, inda kowace mazaɓa wakili ɗaya take fitarwa, wanda ya zo na biyu kuma ba ya tashi da kome ko da ƙuri'a guda aka fi shi. Jam'iyyar da magoya bayanta suka warwatsu ko'ina, asara take yi ko'ina. Masanin siyasa na Faransa Maurice Duverger ya bayyana tun 1951 cewa irin wannan tsari yakan tura ƙasa zuwa ga manyan jam'iyyu biyu. A Ingila, a zaɓen Fabrairu 1974, jam'iyyar Liberal ta sami ƙuri'a kimanin miliyan shida, kujerunta 14 kawai. A Amurka jam'iyyar Libertarian, mai da'awar a rage ikon hukuma a kan mutum, an kafa ta tun 1971, amma wakilin da ta yi a majalisar tarayya a 2020, Justin Amash, ba a ƙarƙashin tutarta aka zaɓe shi ba, canja sheƙa ya yi. NEPU ta bambanta da ita wajen manufa, don NEPU hukumar talakawa take nema, ba raguwar hukuma ba; amma shingen da ya tare su iri ɗaya ne.

Nasarar 1959 ta zo da nata ƙaya. NEPU ta shiga zaɓen cikin ƙawance da NCNC, ita kuwa NCNC sai ta haɗa gwamnati da NPC ƙarƙashin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Malam Aminu ya zama mataimakin mai tsawatarwa na ɓangaren gwamnati a Ikko, alhali mabiyansa a ƙauyuka suna shan ɗauri a hannun wannan NPC ɗin. Mutane da yawa suka ruɗe, waɗansu suka fice. A zaɓen Arewa na 1961 NEPU ta kusa shafewa daga majalisar Kaduna, a zaɓen 30 ga Disamba, 1964 kuma, wanda aka bayyana 'yan NPC masu yawa sun ci ba hamayya, Malam Aminu ya rasa kujerarsa.

A hayin Ƙonni al'amarin ya fi muni. Djibo Bakary ya riƙe gwamnatin Nijar tun 1957, amma da ya ce a ƙi tayin Janar de Gaulle a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba, 1958, hukumar Faransa da sarakuna suka juya masa baya, ya faɗi. A zaɓen Disamba na wannan shekara Sawaba ta tsira da 'yan kujeru kaɗan, su ma aka soke su, a Oktoba 1959 kuma gwamnatin Diori Hamani ta haramta jam'iyyar. Da yawa daga 'ya'yanta suka tsallako Nijeriya, 'yan NEPU suka sauke su. Da aka rufe musu ƙofar akwati sai suka ɗauki bindiga. A 1964 suka kutsa Nijar ta wurare dabam-dabam, har da yankin Ƙonni, aka murƙushe su, aka harbe waɗansu a bainar jama'a. Bayan wannan Nijar ba ta sake ganin zaɓen jam'iyyu da yawa ba sai 1993.

NEPU ba ta bi wannan hanya ba, kuma abin da ta kasa samu da ƙuri'a ya zo daga baya. Bayan juyin mulkin 1966 gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e ɗin kanta, matan Arewa kuma suka sami ƙuri'a. A 1979 PRP, magajiyar NEPU, ta ci gwamnan Kano da na Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Sakkwato dai NPN ta bi, Malam Aminu kuma ya rasu a Afrilu 1983 bai taɓa riƙe mulkin ƙasa ba. Duk da haka manomin Illela na yau ba ya neman izinin En'e kafin ya je taron siyasa, matarsa tana da katin zaɓe, alƙalin da zai yi masa shari'a kuma ba bafaden hakimi ba ne. Waɗannan abubuwa uku suna cikin abin da jam'iyyar mai kujera takwas ta fara nema tun 1950.