Shaidar Mai Saye, Daga Zauren Fatoma Zuwa Taurarin Intanet

Duk mai ƙaramin shago ko gidan abinci da ya sa sana'arsa a intanet, shawarar farko da zai ji ita ce ya tara sharhin abokan ciniki. Wanda ya saya ya rubuta abin da ya gani, ya ba da tauraro ɗaya zuwa biyar, domin baƙon da ya buɗe taswirar Google a wayarsa ya san inda zai kai kuɗinsa. Taurarin sababbi ne, amma matsalar da suka zo warwarewa sa'ar fatauci ce: ta yaya mutum zai miƙa dukiyarsa ga wanda bai taɓa gani ba? A kowane zamani amsar ita ce a samo wani na uku ya yi shaida. Abin da ya riƙa sauyawa shi ne ko wane ne mai shaidar, da kuma asarar da zai yi idan ya faɗi ƙarya. A ganina wannan asarar ce ma'aunin darajar kowace shaida, kuma tarihin sharhin intanet tun daga 1995 labari ne na yadda shaida ta yi arha, sannan aka shafe shekara talatin ana neman yadda za a mayar mata da tsadarta.

Hausawa sun daɗe da sanin wannan matsala. Fataken da suka riƙa kai kanwa da tufafi da kayan fata Gwanja suna dawowa da goro, a ƙarni na 18 da na 19, ba su san masu sayen kayansu a Salaga ba, da yawansu ma ba sa jin harshen juna. Wanda ke tsayawa a tsakani shi ne fatoma, mai masaukin fatake: ya sauke su a gidansa, ya adana kayan, ya haɗa su da dillali, ya kuma tsaya wa cinikin. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960 kuma ya fitar da littafinsa a kanta a 1969, ya nuna yadda tsarin yake aiki a cinikin shanu. Mai shanu ya sauko daga Arewa da garkensa, ya sauka wajen maigidansa, wato fatomansa. Mahautan gari, Yarabawa, bashi suke saye, sai sun yanka sun sayar sannan su biya bayan 'yan makonni. Babu takarda, babu banki. Maigida ne ke cewa a ba wane, kada a ba wane, kuma idan mahaucin ya cinye kuɗin, maigida ne zai biya daga aljihunsa. Shi ya sa dillalansa da yaransa suke wuni a kara suna lura da wanda ya yanka, da wanda ya sayar, da wanda bashi ya fara yi wa katutu. Maganarsa a kan mahauci ta yi nauyi saboda akwai dukiya a bayanta, kuma maigidan da ya yi sakaci da kuɗin baƙinsa, labarin zai riga shi zuwa Arewa, badi ba mai sauka gidansa.

Turai ta samo wani irin mai shaida lokacin da mota ta fara kai mutane garuruwan da ba su da kowa. A 1900 'yan'uwan nan André da Édouard Michelin, masu kamfanin taya a Faransa, suka buga ɗan littafin jagora suka raba wa direbobi kyauta, don mutane su yi ta tafiya taya na cinyewa. A 1926 littafin ya fara sa tauraro ga gidajen abinci, a 1931 aka kai shi mataki uku. Ma'aikatansa suna shiga gidan abinci ba tare da sun bayyana kansu ba, su ci, su biya. Ba su tsaya wa kowa bashi ba, amma suna da abin asara, wato sunan littafin. Matsalar wannan hanya ita ce tsada. 'Yan ma'aikata ƙalilan ba za su iya zaga kowane lungu ba, don haka mai ƙaramar sana'a ba ya cikin lissafi. Tim da Nina Zagat, lauyoyi a birnin New York, su ne a 1979 suka gwada tambayar masu cin abincin da kansu suna tattara makin da suka bayar, duk da cewa a takarda ne kuma akwai edita a tsakani.

Intanet ce ta cire editan. A 1995 Amazon, wanda littattafai kawai yake sayarwa a lokacin, ya bar masu karatu su rubuta ra'ayinsu a ƙarƙashin kowane littafi, har da kushe, abin da ya ɓata wa wasu maɗaba'u rai. A 1996 Pierre Omidyar, mai eBay, ya ƙara wa shafin wurin da mai saye da mai sayarwa za su ba wa juna maki, domin shi kaɗai ba zai iya sasanta rigimar dubban mutanen da ba su san juna ba. TripAdvisor ya zo a 2000, Yelp a 2004. A karon farko kowa ya zama mai shaida, ba da sunansa ba, ba da ko sisinsa ba. Illar ba ta ɗauki lokaci ba ta bayyana. A eBay kusan kashi 99 cikin 100 na makin da ake bayarwa yabo ne, kuma wani ɓangare na dalilin tsoron ramuwa ne, domin wanda ya kushe shi ma za a kushe shi. Sai a 2008 kamfanin ya hana masu sayarwa ba wa masu saye mummunan maki. A 2004 kuwa wata tangarɗa a shafin Amazon na Kanada ta tona sunayen masu sharhin ɓoye na 'yan kwanaki, sai ga marubuta suna yabon littattafansu da kansu.

Duk da haka shaidar nan mai arha ta yi aiki, kuma ta fi yi wa ƙanana aiki. Michael Luca na makarantar kasuwanci ta Harvard ya haɗa makin Yelp da bayanan haraji na gidajen abinci a birnin Seattle, ya fitar da sakamakon a 2011: ƙarin tauraro ɗaya yana tafiya da ƙarin kuɗin shiga na kashi 5 zuwa 9 cikin 100. Abin lura shi ne tasirin ya tsaya ga gidajen abinci masu zaman kansu. Manyan kamfanoni masu rassa ko'ina bai taɓa su ba, saboda mai shiga McDonald's ya riga ya san abin da zai tarar. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa yawa ya zama abin nema. Shaidar baƙo ɗaya wanda ba ya asarar komai ba ta da nauyi, amma idan mutum ɗari uku da ba su san juna ba suka dace a kan cewa telan nan yana cika alkawari, ko makanikin nan ba ya sauya wa mutum kayan gyara, wahalar shirya irin wannan ƙarya ta maye gurbin lamunin da maigida yake bayarwa. Yawa shi ne jinginar, muddin tara shi da wuya.

To, da zarar an ga akwai kuɗi a cikin tauraro sai aka buɗe masa kasuwa. A 2013 ofishin babban lauyan jihar New York ya kafa tarko: jami'ansa suka yi kamar masu wani shagon yogot a Brooklyn, suka nemi kamfanonin talla su gyara musu suna. Binciken ya ƙare da kamfanoni 19 sun amince su biya tarar sama da dala 350,000, kuma ya nuna ana ɗaukar mutane a Filifin da Bangaladash da gabashin Turai su rubuta yabon wuraren da ba su taɓa takawa ba, a kan dala 1 zuwa 10 kowane sharhi. A 2017 wani ɗan jarida a Landan, Oobah Butler, ya kai abin maƙura. Ya yi wa rumfar bayan gida da yake zaune a cikinta rajista a TripAdvisor a matsayin gidan abinci, abokansa suka rubuta yabo, ya ɗauki hotunan abinci na bogi, har da wanda aka haɗa da kumfar aski da wani da aka ɗora ƙwai a kan ƙafarsa. Duk wanda ya kira waya sai a ce masa wuri ya cika. Cikin watanni rumfar ta zama ta ɗaya a cikin gidajen abinci kusan 18,000 na Landan, ba ta taɓa sayar da ko faranti ɗaya ba. Malaman fiƙihu ba za su ga wani sabon abu a nan ba. Najashi, wato mutum ya yi ta ƙara tayi a kan kayan da ba shi da niyyar saye don ya ruɗi mai saye na gaskiya, an hana shi a hadisin da Bukhari da Muslim suka rawaito, kuma sharhin haya aikinsa ke nan: nuna sha'awar da babu ita.

Wani zai ce tunda haka ne, tsarin ya ruɓe, mai sana'ar kirki ya rabu da shi ya dogara da bakin unguwa. Ban ga hujjar ta kai nan ba. Abin da ya biyo bayan kowace badaƙala shi ne ƙoƙarin sa ƙarya ta yi tsada. Amazon ya fara nuna alamar cewa mai sharhin ya sayi kayan da gaske, sannan a 2016 ya hana yawancin sharhin da ake rubutawa a madadin kyautar kaya. A 2018 wata kotu a Lecce, a Italiya, ta ɗaure mai sayar da sharhin bogi wata tara. A 2024 hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka ta fitar da ƙa'idar da ta haramta saye da sayar da sharhin ƙarya, da tarar da ke iya wuce dala 50,000 a kan kowane laifi, Birtaniya ma ta yi dokarta a shekarar. Babu ɗaya daga cikinsu da ya kawar da maguɗi, kamar yadda hana tauye mudu bai sa an daina ba. Amma kasuwar da ake kama mai tauyewa daban take da wadda ba a dubawa, kuma bakin unguwa ba ya isa ga matafiyin da ya sauka tasha da dare yana neman masauki.

Akwai suka ta biyu da ta fi wannan ƙarfi: cewa neman sharhi roƙo ne, kuma yabon da aka roƙa kunya ce ke rubuta shi. Kamfanonin kansu sun rabu a kan wannan. Yelp yana hana masu sana'a neman sharhi, Google kuwa ya yarda a nema, amma ya hana biyan lada a kansa, ya kuma hana a zaɓi waɗanda suka ji daɗi kawai a tura su. Ina ganin matsayin Google ya fi kusa da daidai. Idan ba a tambayi kowa ba, waɗanda ke rubutu su ne wanda ya fusata da wanda abin ya burge matuƙa, yayin da mafi yawan masu saye, waɗanda aka sallama lafiya suka tafi gida, ba a jin duriyarsu. Mai shagon da ya ce wa kowane abokin ciniki, bayan an gama ciniki, ya rubuta abin da ya gani ko mai daɗi ko akasinsa, gyara lissafin yake yi, kuma ya ɗauki kasada, tunda bai san abin da za a rubuta ba. Wannan kasadar ce ta raba shi da mai zaɓe. A nan ne al'adar da ta yaɗu a tsakanin masu sayar da atamfa da turaren wuta da kilishi ta WhatsApp da Instagram take da rauni. Hoton saƙon wata da ta ce kaya sun iso, sun yi kyau, Allah ya ƙara kasuwa, na iya zama gaskiya tsantsa, amma mai kayan ce ta zaɓe shi daga cikin saƙonninta, kuma ba wanda zai ga na wadda aka kai wa yadin da ya koɗe. Sharhi ɗaya mai kushe da aka bari a fili, da amsar mai shago a ƙarƙashinsa cikin natsuwa, yana ƙara wa sauran yabon daraja fiye da yadda goge shi zai yi.

Masu begen tsarin da kuma su tuna da abin da ya ci. Amanar Sabo ta tsaya ne a kan rufe ƙofa. Cohen ya nuna cewa cinikin shanu da goro ya zauna a hannun 'yan unguwar saboda su ne suka san juna, kuma wanda ba shi da maigida ba shi da hanyar shiga komai gaskiyarsa. Taurari sun buɗe wannan ƙofa: matashiyar da ta fara toya cincin a ɗakin girkin gidansu tana iya tara suna ba tare da wani babba ya tsaya mata ba. Sai dai wanda ya gaji kujerar mai shiga tsakani ya karɓi la'ada bai karɓi lamuni ba. A Amurka wani sashe na dokar sadarwa ta 1996 ya kare kamfanonin intanet daga ɗaukar alhakin abin da masu amfani da su suka rubuta. Wasu masu ƙananan sana'o'i sun kai Yelp ƙara, suna zargin yana wasa da sharhinsu don ya tilasta musu sayen talla, zargin da kamfanin ya musanta. A 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke San Francisco ta kori ƙarar, ta ce ko da a ce abin da suka faɗa ya faru, ba su da wani haƙƙi a doka na cewa sai an nuna yabonsu a shafin kamfanin.