Minna: Garin da Dogo Ya Kafa, Siyasa Ta Ɗaukaka

Minna, babban birnin Jihar Neja, ba ta da tsohuwar fada irin ta Bida ko ta Zazzau, kuma sunanta bai fito cikin garuruwan da suka karɓi tutar Shehu ba. A farkon ƙarni na 20 ƙauyen Gbagyi ce, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa, a kan duwatsun Paida. Duk da haka garin ya haifi shugabannin Nijeriya biyu, kuma da wuya kakar zaɓe ta zo ba a ga masu neman kujerar shugaban ƙasa sun yi jerin gwano zuwa cikinsa ba. Tushen wannan ɗaukaka shi ne shawarar da Turawan mulkin mallaka suka yanke a kan inda za a shimfiɗa layin dogo.

Kafin zuwan Turawa, zaman kan dutse dole ne ga Gbagyi. Daga kudu akwai mayaƙan Nupe na Bida, daga arewa akwai Zazzau, daga yamma kuma Kontagora, wadda Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Atiku, ya kafa a shekarun 1860. Daga baya ɗansa Ibrahim ya hau gadon, ya kuma yi ƙaurin suna wajen kai hari ƙasar Gwari don kamun bayi. Da wannan hujja Gwamna Lugga ya fake. Kamfanin Royal Niger na Goldie ya riga ya bugi Bida a 1897, sai a farkon 1901 sojojin Lugga suka ci Kontagora da Bida a jere. Amma a 1903 Turawan suka mayar da Ibrahim kan gadonsa. Mai karɓar haraji suke nema, kuma hukunta wanda ya addabi Gwarawa bai kai wannan muhimmanci a wurinsu ba.

A 1902 Lugga ya kafa hedikwatar Arewa a Zungeru, bakin kogin Kaduna. Har wani ɗan siririn dogo aka shimfiɗa daga Barijuko don ɗauko kayan da jiragen ruwa suka sauke, kuma kan jirgin da ya yi wannan jigila yana ajiye a Minna. Daga Zungeru Lugga ya shirya rundunar da ta ci Kano a Fabrairun 1903, ta wuce ta ci Sakkwato a watan Maris. A Zungerun aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904, lokacin mahaifinsa yana akawun Turawa, a nan kuma aka haifi Odumegwu Ojukwu a 1933. Sai dai zafi da sauro sun gallabi Turawa, suka tattara suka koma Kaduna a 1917. Ko 'yar gadar ƙarfe ta Lugga ba su bari ba, daga baya aka kwance ta aka kai Kaduna. Zungeru ta koma kango, abin da ya rage na harkar mulki a yankin kuwa Minna ce ta gaje shi.

Wanda ya gaji Lugga a 1907, Sir Percy Girouard, injiniyan jirgin ƙasa ne haifaffen Kanada, kuma aikin da aka turo shi yi shi ne ya haɗa Baro, a bakin kogin Kwara, da Kano, tafiyar fiye da mil 350. Masaƙun Lankasha a Ingila na neman auduga mai araha, ga shi an shaida musu ƙasar Hausa gonar auduga ce. Kuɗin aikin kaɗan ne, saboda haka aka ɗora nauyinsa a wuyan talakawa. Razdan ya gaya wa sarki yawan mutanen da ake so, sarki ya raba wa hakimai, hakimai su raba wa dagatai. A haka aka riƙa ɗibar manoma daga gonakinsu zuwa sarar daji da haƙa da dakon ƙasa a kwando. Nupawa suna da sarakunan da za a bi ta hannunsu. Gbagyi kuwa kowane gari da kansa yake, ba su saba wani ya aiko musu da umarni daga nesa ba. A 1909 mutanen Gussoro, wadda yau take cikin ƙaramar hukumar Shiroro, suka yi bore, suka kashe wani jami'in mulki Bature da 'yan sandan da suka raka shi. Soja suka je suka rama da ƙarfin bindiga. Tarihin dogo a littattafan makaranta yakan tsaya ne a kan shekarar da jirgi ya isa Kano, wato 1911, ba ya faɗin su wa suka yi dakon ƙasar.

Ba da daɗewa ba layin da ya taso daga Ikko ta Jebba da Zungeru ya zo ya haɗu da na Baro a gindin duwatsun Minna. Da farko a jirgin ruwa ake ƙetarar da taragu a Jebba, amma da aka gama gada sai kaya suka riƙa zarcewa Ikko, Baro ta fara mutuwa, mahaɗar Minna ta fara cika. Audugar da aka yi wahalar dominta ma ba ta zo yadda aka zata ba: manoman Kano sun duba farashi a 1912, suka rungumi gyaɗa.

A gefen tasha garin ya tsiro. Lebura da 'yan kwangila da fatake Hausawa, da Nupawa, da Yarbawa da Ibo ma'aikatan reluwe, kowa ya kafa bukkarsa. Sunayen tsofaffin unguwanni, Limawa da Kwangila da Ƙetaren Gwari, sun isa shaida a kan waɗanda suka fara zama a ƙasa, kuma shi ya sa Hausa ta zama harshen kasuwa a tsakiyar ƙasar Gbagyi. Doya da gyaɗa da man kaɗe suka riƙa taruwa a tasha ana lodinsu zuwa kudu. A shekarun 1920 Razdan na Lardin Neja ya dawo Minna da zama. Sai matsalar sarauta ta taso, domin mulkin En'e ba ya tafiya sai da babban sarki, garin kuwa ba shi da shi. Aka haɗa garuruwan Gbagyi cikin wata tarayya, a shekarun 1950 kuma aka ɗauko Sarkin Kuta Ahmadu Bahago ya zama Sarkin Minna. Ɗansa Umar Faruk Bahago ke kan gadon tun 1988. Masarautar Minna ke nan, ƙanwa ce ƙwarai idan aka jera ta da Bida ko Kontagora ko Borgu.

Bayan samun 'yanci Lardin Neja ya faɗa Jihar Arewa maso Yamma a 1967, mai hedikwata a Sakkwato. Ranar 3 ga Fabrairu, 1976, Janar Murtala Muhammad ya yanke Jihar Neja, aka ba Minna babban birni, Murtala Nyako ya zama gwamnan farko. A wannan shekara aka ɗebi ƙasar masarautar Abuja aka yi babban birnin tarayya, tsohon garin ya bar sunansa ya koma Suleja. Da aka ƙaro Borgu daga Jihar Kwara a 1991, Neja ta zama jihar da ta fi kowace faɗin ƙasa a Nijeriya.

Abin da ya sa Minna a bakin duniya shi ne 'ya'yanta biyu. An haifi Ibrahim Badamasi Babangida a 1941, Abdulsalami Abubakar a 1942, duka sun yi makarantar sakandare ta lardi a Bida, wadda ta yaye tarin janar-janar a lokaci guda, har da Mamman Vatsa. Babangida ya kifar da Buhari a Agustan 1985, ya sa aka harbe abokin ƙuruciyarsa Vatsa a Maris 1986 bisa zargin juyin mulki, ya kawo tsarin SAP da ya karya darajar naira, ya ƙirƙiro jihohi irin su Katsina da Jigawa da Kebbi, ya mayar da fadar gwamnati Abuja a Disamban 1991, sannan ya soke zaɓen 12 ga Yuni, 1993. Sai a 2025, cikin littafin tarihin rayuwarsa, ya amsa cewa Abiola ne ya ci zaɓen. Abdulsalami ya karɓi ragama bayan rasuwar Abacha a Yunin 1998, bai cika shekara ba ya miƙa wa Obasanjo ranar 29 ga Mayu, 1999. Wannan gajeren mulki ya saya masa mutuncin da ya sa ya jagoranci kwamitin zaman lafiya a zaɓen 2015, kuma shi ƙungiyar ECOWAS ta tura Yamai tare da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar bayan an kifar da Shugaba Bazoum na Nijar a 2023. Gidajen mutanen biyu na maƙwabtaka a kan tudun Minna, kuma nan ne 'yan takara ke zuwa gaisuwa, a ɗauki hoto, a fito a ce wa 'yan jarida ziyarar ban girma ce kawai.

A cikin jiha kuwa siyasa na tafiya ne a kan karɓa-karɓa tsakanin shiyyoyi uku. Abdulƙadir Kure na shiyyar Nupe ya yi mulki daga 1999, Mu'azu Babangida Aliyu na Minna daga 2007, Abubakar Sani Bello na Kontagora, surukin Abdulsalami, daga 2015, sai Umaru Bago na Bida daga 2023. Tsarin ya rage faɗan ƙabilanci, amma ya mayar da hankalin manya kan tambayar layin wa ya zo. Wani lokaci har a suna ake siyasar: filin jirgin saman Minna an raɗa masa sunan Abubakar Imam, marubucin Magana Jari Ce da aka haifa a Kagara a 1911, sai ga shi a 2024 an sauya shi zuwa na Shugaba Tinubu.

Talakan jihar lissafinsa dabam ne. A Fabrairun 2024 matan Minna suka tare hanya a shataletalen Kpakungu saboda tsadar abinci, watanni kafin zanga-zangar da ta game ƙasa a Agusta. Tashar jiragen ruwa ta Baro da Buhari ya buɗe a Janairun 2019 ta yi shekaru ba ta fara aiki ba, don babu hanyar kirki zuwa wurin. Jihar na da manyan madatsun lantarki huɗu, Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, amma ƙauyukan da ke bakinsu da ambaliya da 'yan bindiga suka fi sabawa. A 2021 aka sace ɗaliban kwalejin kimiyya ta Kagara a Fabrairu, aka kwashe yaran Islamiyyar Tegina fiye da 100 a Mayu, Gwamna Abubakar Sani Bello da bakinsa ya ce Boko Haram ta kafa tuta a Kaure cikin Shiroro. Manoman wannan yanki, jikokin waɗanda aka ɗiba aikin dogo, da yawansu sun bar gonakin doyarsu, kuma a makarantun firamare na Gwada da na Kuta, garin da aka ɗauko sarautar Minna daga cikinsa, aka tsugunar da su a matsayin 'yan gudun hijira.