Azhar Suka So, Sudan Aka Kai Su



Yau ɗalibi na zaune da waya a hannu yana auna Masar da Indiya da Malesiya. A zamanin Turawa kuwa, mai biyan kuɗin karatun shi ke zaɓa maka ƙasa.

A 1945 gwamnatin mulkin mallaka ta tura wasu malaman makaranta daga Arewa zuwa Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Landan, har da Abubakar Tafawa Ɓalewa, marubucin Shaihu Umar. Malam Aminu Kano ya bi sahu a 1946.

Ni dai labarin masu karatun Larabci ya fi ɗaukar hankalina. Zuciyarsu tana Azhar, hanyar kuma tsohuwa ce: tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suka gina wa ɗalibansu makaranta a Alƙahira. To amma a 1952 sojoji suka kifar da Sarki Faruk, Masar ta cika da maganar korar Ingila. Turawa suka ga tura matasanmu can kamar ajiye kara kusa da wuta ne. Sai suka zaɓi Bahtur Ruda, kwalejin horar da malamai da Turawan Ingila suka kafa a 1934 kusa da garin Duwaim na Sudan, a bakin Farin Nilu. Can aka kai su Malam Abubakar Gumi a 1954.

Abin dariya, Sudan ɗin ma tafasa take yi a lokacin. Ta samu 'yancin kai ranar 1 ga Janairun 1956, kusan shekara biyar kafin Najeriya.