Saƙon da Bai Isa Ba: Tarihin Aike a Kantin Kwari

Tun kafin a kafa Kantin Kwari, Fagge zango ne na ayarin raƙuma masu zuwa Kano daga Agadas da Gadamas. Wasiƙar attajiri a wancan zamani, da Larabci ko da ajami, a hannun madugu ko wani amintaccen falke take tafiya, ta shafe watanni kafin ta kai Tarabulus. Ƙishirwa, 'yan fashi ko rasuwar mai ɗauke da ita duk suna iya salwantar da ita. Shi ya sa fataken sahara kan rubuta magana ɗaya a takarda biyu, su damƙa wa ayari daban-daban.

Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1911. Bayan haka ne Kwarori, wato 'yan Siriya da Labanan, suka buɗe kantunan yadi a Fagge ta Kudu, wurin da ya zama Kantin Kwari. Odar atamfa ta koma bin gidan waya da wayar tangaraho zuwa Ikko da Manchesta. Dalilan ɓatan saƙo su ma suka sauya: kuskure a lambar akwati, ƙarancin kan sarki, ko mai akwati ya tashi bai bar adireshi ba. Ƙananan 'yan kasuwa dai ba su daina ba da sallahu ta hannun direbobi a tasha ba, domin direba mutum ne da za a iya tambaya gobe.

A 1985 aka raba aikin gidan waya da na tarho, aka sami NIPOST da NITEL, sannan wayar salula ta GSM ta shigo a 2001. A daidai wannan lokaci cinikin Kwari ya karkata ga Chaina, Indiya da Dubai, imel ya zama hanyar tura rasit, hoton samfurin leshi ko shadda, da takardun kwantena.

Imel ya zo da tasa matsalar, domin alamar "an tura" ba ta nufin an karɓa. Harafi ɗaya da ya kuskure a adireshi ya isa ya dawo da saƙo, tare da sanarwa mai bayyana dalili, wadda da yawa ke gogewa ba su karanta ba. Akwatin mai karɓa na iya cika. Hotunan yadi na iya wuce iyakar nauyi, wadda a Gmail megabayit 25 ce. Mafi wuyar ganewa shi ne saƙon da matatar tsaro ta jefa cikin akwatin tarkace ba tare da sanarwa ba. Wasiƙun damfara da ake kira 419 sun sa ana zargin duk saƙon da ke maganar tura kuɗi, har na mai gaskiya. Ga kuma shingen intanet na Chaina, wanda ya toshe Gmail a ƙarshen 2014 da WhatsApp a 2017, abin da ya tura masu saro kaya can zuwa WeChat.

Binciken saƙon da ya ɓace yana da tsari. Ana fara duba ko ya fita daga waya ko yana nan maƙale saboda rashin data. Sai a sake karanta adireshi harafi bayan harafi, a nemi sanarwar dawowa, a rage nauyin hotuna, sannan a kira abokin ciniki ya leƙa akwatin tarkace. Idan imel ya zo da sabuwar lambar asusun banki, ba a biya sai an ji ta bakin mai kayan.

Daga ayari zuwa intanet, ƙa'idar kasuwa ba ta canza ba: aike bai cika ba sai wanda aka aika wa ya tabbatar ya karɓa.