Zare: Masu murɗa wuya a TikTok da maɗoran ƙauyenmu

1/ Bidiyon nan da kuke ta turowa, inda ake kwantar da mutum a murɗe masa wuya ya yi ƙas, wai shi ke nan ciwo ya tafi, yana da tarihi fa. Bari in ba ku shi, in haɗa da namu na gida.

2/ Sunan abin kairofiraktik. Daniel David Palmer ne ya fara shi a 1895 a garin Davenport, jihar Ayowa ta Amurka. Ba likita ba ne, ya yi koyarwa, ya yi kanti. Ya ce ya danna ƙashin bayan wani mai shara, Harvey Lillard, sai kurumtarsa ta warke.

3/ Daga nan ya ce wai kashi 95 cikin 100 na cututtuka gocewar ƙashin baya ke kawo su. A 1906 aka ɗaure shi saboda aikin likita ba lasisi.

4/ Mu a arewacin Kano, su Dambatta, Makoɗa, Kunci, Bichi, hannu ya daɗe yana gyara ƙashi kafin a haifi Palmer. Dole ce ta sa. Gonakinmu manne suke da juna, ba a barin ƙasa ta huta. Manomi a duƙe yake da fartanya tun daga noman farko har maimai. Bayansa ya riƙe a watan Yuli, ya yi sati biyu a kwance, ciyawa ta cinye gero, to gidan za su ji a jikinsu har baɗi.

5/ Shi ya sa maɗori ke da daraja. Yawanci gado ne. Targaɗe, gocewa, karaya, duk nasa ne. Ya ja, ya daidaita, ya shafa man shanu, ya jera karan dawa, ya ɗaure da tsumma, ya yi tofi. A ba shi abin da ya sawwaƙa. Kuma abin da nake yaba masa: bai taɓa cewa ɗori na maganin kurumta ba.

6/ A 1959 aka buɗe asibitin ƙashi na Dala a Kano. Bai kashe ɗori ba. Dala da nisa, ga kuɗi, ga tsoron "za su yanke maka ƙafa".

7/ Abin da ya canza shi ne irin raunin. Kakanninmu daga kan jaki ko bishiya suke faɗowa. Mu babur ne a kan kwalta, ƙashi ya farfashe har ya huda fata. A ɗaure irin wannan tamau da kara, ya kumbura, jini ya daina zagayawa, nama ya ruɓe. Sai a kai Dala a makare, a yanke, a dawo ƙauye a ce "ba mun faɗa ba?" Wallahi ƙafar yara da yawa haka ta tafi.

8/ To, su masu ƙas-ƙas fa? Binciken likitoci ya nuna danna baya na ɗan rage ciwon ƙugu, kusan daidai da motsa jiki. Ga manomi wannan ba ƙaramin abu ba ne: ya samu barci, ya yi ruku'u ba nishi, ya koma gona. Amma ba ya maganin asma ko hawan jini. Ƙarar nan kuwa iska ce a ruwan gaɓa, ba ƙashi ne ya koma mazauninsa ba.

9/ Wuya dai ni ban yarda a murɗa mini ba. Ba kasafai ba, amma jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa kan yage, mutum ya samu shanyewar ɓarin jiki. Balle abokinka da ya koya a waya.